Tuwon da Muka Tuƙa wa Onarabul

Tun ina yarinya ba a san ni da haƙuri ba, kuma shekarun da na yi a Doha ba su ƙara min ko ƙanƙani ba. Sun dai koya min rufe baki. Da aikin gida na fara, a wani gida da ko ƙofar waje ba na leƙawa sai da izini. Daga baya Allah ya taimake ni na canja kafil, wato mutumin da bizarka take hannunsa, na koma kicin ɗin wani kamfani da ke dafa wa leburori abinci a Wakra, wani gari a gefen Doha. Tukwane ne irin waɗanda mutum zai shiga ciki ya zauna, albasa buhu-buhu, tsayuwa tun asuba har gwiwa ta daina jin kanta. Duk wannan wahala saboda mutum ɗaya nake shan ta, 'yata.

Ita kaɗai Allah ya ba ni. Ubanta ya rasu tana firamare, na bar ta hannun ƙanwata a zangonmu, unguwar Hausawa ta garinmu, na taho. Ranar da na fara wanke banɗakin wata mata tana tsaye a kaina tana nuna min lungu da yatsan ƙafa, na yi rantsuwa a zuciyata cewa 'yata ba za ta taɓa sanin mene ne kafil ba. Karatun nas za ta yi, gwamnati ta ɗauke ta aiki a asibiti, ni kuma in tattara komatsaina in koma gida in miƙe ƙafa. Ban roƙi Allah gidan sama ba, ban roƙi mota ba. Wannan kawai na roƙa.

Tana ajin ƙarshe korona ta shigo. Mu a nan muna fama da takunkumi a cikin tururin tukunya, muna ƙulla abinci a robobi ana kai wa maza da aka kulle a masaukansu. Matan ɗakinmu wasu aikinsu ya tsaya, sai mu masu fita muka riƙa ciyar da su. Ita kuma can gida aka kwashe su ɗalibai aka zuba a asibiti, domin hannu ya yi kaɗan. Takan kira ni fuskarta duk shatin takunkumi, ta ce, "Mma, yau a talabijin an ce mu jarumai ne." Ni kuma in ce ta bar jarumtaka ta wanke hannu. Ban yi barcin kirki ba a wannan lokacin. Da jirage suka fara tashi, na shiga kasuwar Wakra na saya mata agogon nan na nas, wanda ake maƙalawa a ƙirji fuskarsa a juye, na ba wani mai tafiya gida ya kai mata. Ta ɗauki hoto da shi a kan farin kayanta ta turo min, na nuna wa duk wanda ya tsaya kusa da ni, har da direban da ke kawo mana gas.

Ta gama, ta yi shekarar hidimar ƙasa, sai jira. Jira a tura ta asibiti. Tana taya ƙanwata sayar da koko da ƙosai da safe, da rana ta goge farin kayanta ta mayar cikin akwati.

A cikin wannan jiran ne ta kira ni wata rana da wata irin murya. Ta ce ƙasa ta ci bashi har wuya, kuma masu ba ƙasashe rance can waje sun ce ba za su ƙara ba sai majalisa ta yi doka a kan yadda za a riƙa tsara kasafin kuɗi, da ƙa'idojin da su suka kawo. A cikin ƙa'idojin akwai cewa gwamnati ta daina ɗaukar sababbin ma'aikata har wasu shekaru.

Na ce, "Har da nas?"

Ta ce, "Har da nas, Mma. Har da malaman makaranta."

Na ce, "To waɗanda suka ci bashin fa? Su me aka ce su daina?"

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Sannan ta ce akwai sauran dama guda. Wasu 'yan majalisa sun tashi sun ce dokar da za ta ɗaure ƙasa shekaru haka ba ta mutanen da ke cikin zaure ɗaya ba ce, a kai ta gaban jama'a a yi ƙuri'ar raba gardama, kowa ya ce e ko a'a. Idan aka yarda da haka, in ji ta, su da malamai da iyayensu za su bi gida-gida. Ko ba su yi nasara ba, gwamnati za ta ji tsoro ta cire asibitoci daga ciki. Idan kuwa majalisa ta ƙi, shi ke nan, ita ba za ta zauna tana soya ƙosai da takardar nas a akwati ba. Akwai wani ejan da ke kai 'yan mata ƙasashen Larabawa jinyar tsofaffi a gida.

Na ce, "Ki sake faɗin ejan ki ga yadda zan ci mutuncinki ta cikin wayar nan."

Daga ranar na zama 'yar kallon majalisa. Ni da ban taɓa sanin yadda zauren yake ba, sai ga ni da abin sauraro a kunne ƙarƙashin hular kicin, ina yanka albasa ina jin manya suna haushi da Turanci. Turancina na kasuwa ne, abin da ya wuce ni 'yata ta fassara min da yamma. Kai, na ga abin takaici! Ƙatti da furfura suna buga tebur kamar 'yan aji uku, wannan ya tashi a yi masa ihu, wancan ya tashi a kashe masa makirfo. Wanda ya fi ƙona min rai wani ne mai tabarau, da ya miƙe ya gyara kwat ya ce sha'anin kasafin kuɗi ya fi ƙarfin talaka, idan aka tambaye shi ba zai gane ba. Ka ji fa! Ranar zaɓe muna ganewa sarai, har rana muke sha a layi. Yanzu da za a rufe wa 'ya'yanmu ƙofa, mun zama jakuna. Na sari albasar nan har wuƙa ta shige katako, shugaban kicin ya leƙo ya tambaya ko lafiya.

Sai ga ɗan majalisarmu ya miƙe. Ɗan zangonmu ne, na san shi tun yana yawo da gajeren wando, uwarsa tana sayar da waina kusa da inda tsohuwata take ajiye tukunyar koko. Yanzu kowa Onarabul yake ce masa. Ɓangaren gwamnati yake, amma ya ce shi dai yana tare da masu cewa a tambayi jama'a, domin mutanensa ne za su ɗauki nauyin. Wallahi sai da na yi guɗa a kicin. 'Yata ta ce ɓangarorin biyu sun kusa yin kunnen doki, saboda haka duk mutum ɗaya da ya tsallako daga wajen gwamnati zinariya ne. Aka sa ranar Juma'a za a ƙidaya 'yan majalisa a kan maganar.

Wannan duk ya faɗo daidai da gasar cin kofin duniya. Doha ta zama wani gari daban. Tutoci ko'ina, motocin bas ba iyaka, mutane da fenti a fuska suna yawo a kasuwar Wakra suna ɗaukar hoton jiragen kamun kifi. Kicin ɗinmu ya koma dafa wa masu gadin filayen wasa, aiki ya ninka. Ana cikin haka na ji labari wai Onarabul yana gari, ya zo kallon ƙwallo. Na ce, to ƙuri'ar fa? Na tambaya, aka ce ai wasa ɗaya ya zo gani, ranar Alhamis zai hau jirgi ya kwana a gida ya shiga majalisa da safe. Na ce to, Allah ya kai shi lafiya, ya kalli ƙwallonsa.

Ban san Alhaji yana nasa shirin ba.

Alhaji shi ne shugaban 'yan zangonmu a Doha. Tsohon direba ne, ya zo garin tun ba a gina dogayen benayen nan ba. Idan wani ya rasu, shi ke bin takardu har a yi masa sutura. Idan an kama yaro, shi ke zuwa. Ni kaina shi ya tsaya min har na fita daga gidan da na fara aiki. Ina faɗin wannan ne don kada a ɗauka mugu ne. Mutumin kirki ne, kuma shi ya sa abin ya fi ciwo. Muna da wata al'ada da Alhaji yake riƙe da ita kamar farilla: babu wani babba daga zango da zai taka Doha ya tafi bai zauna a tabarmarmu ya ci tuwonmu a cikin taro ba. Baƙo ba ya tafiya sai an sallame shi, kuma ba a sallamarsa da yunwa. Idan aka bari ya tafi haka, gobe a zango za a ce 'yan Katar sun samu kuɗi sun manta tarbiyya. Ranar da maza suke samun hutu su taru kuwa ɗaya ce, Juma'a.

Alhaji ya kira ni ya ce in shirya, ni zan tuƙa tuwon Onarabul ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Na ce, "Baba, wace Juma'ar? Ai ranar ce za su kaɗa ƙuri'a. Alhamis zai tafi."

Ya ce, "Da dai zai tafi. Ya zo ya gaishe ni ya nemi sallama, na ce ban sallame shi ba."

Na tashi aiki ko wanka ban yi ba na hau bas na same shi a ƙofar gidan direbobi yana shan shayi. Na durƙusa na yi masa bayani tiryan-tiryan, bashin, ƙa'idojin, maganar tambayar jama'a, 'yata da farin kayanta a akwati. Ya saurare ni yana kaɗa kai. Da na gama ya ce, "'Yata, surutun majalisa ba ya ƙarewa. Yau su yi, gobe su yi, jibi su sake. Shi kuwa yaushe zai ƙara zuwa Doha? So kike a zage mu a gida?"

Na ce, "A zage mu mana, Baba! Zagi yana hana asibiti ɗaukar ma'aikata ne?"

Ya ce maganar ma ta wuce. Da Onarabul ya ɗan yi gardama, sai shi Alhaji ya ɗaga waya ya kira uwarsa can zango. Tsohuwa ta ce wa ɗanta kada ya kuskura ya kunyata ta a gaban mutanenta da ke baƙon wuri. Nan take ya ce ya ji, ya sa a ɗage masa tikiti. Alhaji yana ba ni labarin yana murmushi, shi a ganinsa ya yi dabara.

Nan take, ka ji. Mutumin da ya tsaya a zauren majalisa ya yi wa gwamnatinsa gardama, wai shi ne kiran waya ɗaya ya kayar. A bas ɗin komawa na gane abin. Idan ya koma ya tsaya da masu cewa a tambayi jama'a, manyan jam'iyyarsa za su ci ƙaniyarsa. Idan ya juya baya, zango za ta ci ƙaniyarsa. Sai ga Alhaji ya miƙo masa mafita a faranti, da albarkar uwa a kai. Ga kuma wasan ƙasarmu na ƙarshe a rukuni a filin Wakra a yammacin wannan Juma'ar. Allah wadai!

Na so in ce ba zan dafa ba. To in na ƙi, wata za ta dafa, kuma shi dai ba tafiya zai yi ba. Mace ba ta shiga zaman maza a wajenmu sai in tana ɗauke da abinci. Don haka na amsa.

Ranar Juma'a tun da hantsi muna tsakar gidan direbobin nan, iska tana kawo ƙarnin kifi daga tashar jiragen ruwa. Tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo, wake da shinkafa da soyayyen yajin nan shito, soyayyen kifi da aka sayo da asuba. Matan da ke taya ni sai raha suke yi, wata har da sabon lalle. Ni na jingina wayata a jikin tukunyar gas, majalisa tana ci. Mun riga gida shiga rana, saboda haka lokacin da maza suka tafi masallaci su can yanzu suke zama. Ina tuƙi ina leƙe. Na san layin da yake zama, na san mai ƙaton kan da ke gefensa. Mai ƙaton kai yana nan. Kujerar kusa da shi wayam.

Sai ga kiran 'yata. Tana ƙofar majalisa ita da 'yan uwanta masu jiran aiki, duk sun sa fararen kaya, ina jin waƙarsu a bayanta. Ta ce, "Mma, ba mu ga motar Onarabul ba. Ko ya makara ne? An ce jiya ya sauka."

Ban gaya mata ba tun farko, na rasa ta inda zan fara. Na riƙe muciya da hannu ɗaya na ce, "Bai sauka ba. Yana nan Wakra. Tuwonsa nake tuƙawa."

Ta ce, "Ke, Mma?" Ta kashe.

Tuwon nan ya sha tuƙi irin wanda bai taɓa sha ba.

Maza suka dawo suka cika falo, aka shimfiɗa ledar cin abinci. Daga tsakar gida ina jin jawabi. Alhaji ya yabi Onarabul, ya yabi uwarsa, ya yabi kakansa. Wani ya tashi ya ƙara. Shi ma ya yi nasa, ya ce mu ne ƙashin bayan ƙasa, guminmu ne ke riƙe gidaje. Aka yi tafi. Sannan aka ce a shigo da abinci. Daidai lokacin a wayata kakakin majalisa ya ce masu son a kai maganar gaban jama'a su miƙe a ƙidaya su.

Na ɗauki babban tire, na ɗora wayar a kai, na ƙure murya.

Yana zaune a tsakiya, ya sa rigar 'yan wasa a kan tumbinsa, da gyale mai launin tuta a wuya. Ya gan ni ya washe baki ya ce, "A'a, Yaya! Ashe kina nan? Yau zan ci tuwon gida." Na ajiye tiren a gabansa, na jingina wayar da kwanon miya, fuskarta tana kallonsa. Falon ya cika da muryar mai ƙidaya.

Na ce, "Bismillah, Onarabul. Ka ci kana kallon aikinka."

Ya riga ya gutsuro loma. Ya dubi wayar, ya dube ni. Kyamara tana bin layi-layi, ta zo kan mai ƙaton kai yana zaune ya harɗe hannu, ta wuce ta kan kujerar da babu kowa. Duk wanda ke kusa ya gani. Wani direba ya ce, "La, ga wurinka can!" sannan ya kama bakinsa.

Onarabul ya ce, "Yaya, ai kin san ba a son raina ba ne. Mahaifiyata ce ta ce in tsaya, ga kuma Baba. Ni wa ne in ƙetare maganarsu?"

Na ce, "Da ranar zaɓenka ce ta ce ka tsaya cin tuwo a Wakra, za ka tsaya?"

Alhaji ya ce, "Ke!"

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, na daɗe ina rufe baki a garin nan." Na juya ga baƙonmu na gaya masa 'yata tana tsaye a ƙofar wancan zauren cikin rana. Na gaya masa lokacin korona da shi yake gida a kulle, ita tana juya marasa lafiya ba ko sisi. Na ce ni na yi guɗa a kicin ranar da ya yi magana, har aka yi min dariya. Ban yi kuka ba, ban ba shi wannan ba.

A wayar aka buga guduma. Hayaniya ta tashi, ɓangare ɗaya suna kaɗa takardu suna murna. Ban buƙaci fassara ba. Ba za a tambaye mu ba. Tazarar ba ta da yawa, kuma ba zan yi ƙarya in ce shi kaɗai ya kayar da abin ba, akwai wasu kujerun da babu kowa, masu su ma wataƙila suna wani falon a garin nan. Amma ni mutum ɗaya na sani tun yana gajeren wando, kuma ga shi a gabana da miyar ayoyo a yatsu.

Ya sa lomar a baki. Wallahi ya sa. Ya haɗiye, ya ce cikin lallashi, irin muryar da ake yi wa yaro, "Yaya, kwantar da hankalinki. Nas ce ko? To me zai hana ta zo nan? Dubi garin nan, dubi asibitocinsu. Ga ki ke ma kina samu, alhamdu lillahi."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye a kansa ba. Na ce, "Ina samu? Ka taɓa ganin gwiwata? Ka san banɗaki nawa na wanke don kada ta zo nan? Kai aka zaɓa ka gyara can, shi ne kake nuna mana hanyar filin jirgi? Tir da kai, wallahi tir!"

Alhaji ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Halas! Fita! Baƙona za ki ci wa mutunci a kan tabarmata?"

Na ɗauki wayata na goge miyar da ta taɓa ta da bakin mayafi, na fita. Babu wanda ya bi ni. Ina ɗaure takalmi ina jin ƙarar kwanuka, an ci gaba da ci. Da yamma suka ɗunguma filin wasa da baƙonsu. Aka fitar da mu daga gasar a ranar, na ga ƙatti a bakin kasuwa sun rufe fuska da tuta suna kuka. Na ce ku yi ta yi, ashe kun iya.

Bayan kwana biyu hotunan walimar suka zagaye zango. Onarabul ya shiga rediyo ya ce ransa ya ɓaci ƙwarai da bai samu halarta ba, amma mutanensa na ƙasar waje ne suka riƙe shi suka ƙi sallamarsa, kuma shi ɗan tarbiyya ne. Aka yaba masa, aka yaba mana. Ƙanwata ta ce har a wajen suna ana maganar yadda 'yan Katar suka san darajar baƙo. Dokar ta wuce ba da daɗewa ba.

Alhaji ya aiko in zo in ba da haƙuri. Na je na gaishe shi har ƙasa, domin ya cancanci gaisuwa, amma haƙuri ban bayar ba. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce shi da gaske ya ɗauka surutu ne irin wanda suka saba. Na ce na sani, Baba, ai na gaya maka ba irinsa ba ne. Ya ci gaba da jan carbinsa. Tun daga nan ba a ƙara kira na tuƙa tuwon baƙo ba, ni ma ban nema ba.

'Yata ta ƙara jira. Ta nemi asibitocin kuɗi, suka ce sun cika da irinta. Na ce to ta nemi asibitocin nan Doha da takardarta, tunda abin ya zama haka, ta shigo da mutuncinta. Aka ce sai wadda ta yi wasu shekaru tana aiki a asibiti a ƙasarta. A wane asibitin, tunda an rufe ƙofa? Muka yi faɗa a waya har ƙanwata ta karɓe ta raba mu. Na yi zagi, na yi roƙo, na ce zan ƙara awanni in riƙa turo mata. Ta ce, "Mma, gwiwarki fa? Har yaushe?" Ba ta sake neman izinina ba. Sai da biza ta fito ta gaya min.

Ko a filin jirgi ban gan ta ba, motar ejan ce ta ɗauke ta. Wani gida aka kai ta a Wukair, jinyar wata tsohuwa da ba ta tashi. Sai da ta ɗan kwana biyu aka yarda in zo in gan ta wata Juma'a, a bakin ƙofa. Na tuƙa tuwo na zuba a kula, na hau bas, na sauka na bi layin gidajen nan masu kama ɗaya cikin rana ina duba lamba.

Ta buɗe ƙaramar ƙofa ta fito. Kayan 'yan aikin gida ne a jikinta, riga da wando masu ratsi, irin waɗanda na sa a shekaruna na farko, har launin. A ƙirjinta ta maƙala agogon. Na rungume ta, ta rame, tana ƙamshin sabulun da na sani. Duk maganganun da na tanado a bas suka gudu. Ta ce tsohuwar ba ta da rigima, ita ke ba ta magani, ita ke auna mata jini, sai dai in ta yi barci akan ce ta taya a kicin da shara. Ta ce ba za ta shiga da kular ba sai ta tambaya. Ta buɗe a tsaye, ta gutsura da hannu ta kai baki, ta lumshe ido.

Loma ta uku ke hannunta aka ƙwala kira daga cikin gidan, muryar matar gidan, "Yalla!" wato a yi sauri.

Ta duba agogon ƙirjinta, ta mayar da lomar cikin kula, ta share hannu a wandonta. Ta juya ta amsa da ƙarfi, da wannan muryar da ni ma na koya, "Na'am, Mama!"

Ta miƙo min kular ta shige, ta ja ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara. Na tsaya riƙe da tuwon, da sauran zafinsa.